Dawaki Ɗari Huɗu na Injiniya Nasani

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu ya san mijin yayata, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni. Nasani ake ce masa, saboda ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ka ce masa, "Jiya na je asibiti, likita ya ce..." zai tare ka da "Na sani." Ranar da aka zo gaya masa matarsa ta sauka, ya ce ya sani, ya wuce kasuwa ya sayo rigar ɗa namiji guda ɗaya. Tagwaye ne, mata.

Garejinsa na jikin rumfata, ni faci nake yi. A saman ƙofarsa akwai farin allo mai faɗin ƙyauren ɗaki, an rubuta da jan fenti: INJINIYA, LIKITAN MOTOCIN GUDU. Kullum sai ya goge allon nan kafin ya wanke fuskarsa. Motar gudu kuwa, tun da aka kafa shi ba wadda ta taɓa tsayawa a ƙarƙashinsa, sai dai ta wuce da gudu.

A ƙarshen layin akwai wani tsohon makanike, Baba Shiru. Shi allonsa bai fi murfin tukunya ba, rubutun ma ya goge, amma motoci layi suke yi a ƙofarsa. Abin da ya fi ci wa Nasani rai shi ne motarsa da ta Baba iri ɗaya ce, shekara ɗaya, 'yar ƙarama mai silinda huɗu, wadda masu ƙera ta suka ce ƙarfin doki ɗari gare ta lokacin tana budurwa.

Ran Litinin na mirgina wa Baba wata taya da na gama, na tarar yana yi wa wani mai mota bayani, Nasani kuma ya shigo aron sifana.

"Nozul shi ne bakin da ke fesa wa inji fetur," in ji Baba, a hankali kamar mai tsoron kalmomin su zube. "Lambar da ke jikinsa ita ce yawan abin da yake fesawa a minti ɗaya. In za ka zaɓa, ka fara sanin injinka doki nawa ne. Ka ninka sau biyar. Sannan..."

"Na sani," in ji Nasani. Ya ɗauki sifana ya fice.

Ko da na koma rumfa na same shi zaune a kan tayata, idonsa na ƙyalli.

"Ƙanin mata, ka ji sirrin da tsohon nan yake ɓoyewa shekara da shekaru? Ashe mai ne kawai. Ka ba inji mai, ya ba ka gudu."

"Yaya, taka doki nawa ce?"

"A takarda ɗari. Amma takarda ba ta san hannuna ba. Tun da na ɗaura mata fiffike a baya na liƙa sitika a gefe, ba za ta gaza ɗari da hamsin ba."

"Na ji ana cewa ta Baba ɗari biyu ce." Ban yi ƙarya ba, na ji ana cewa, da kunnena, a daidai lokacin da nake faɗa.

"Tasa? To tawa ɗari uku."

Mai wanki, wanda igiyoyin shanyarsa ke tsallaken hanya daidai bakin garejin, ya ajiye dutsen guga ya ce, "Injiniya, ba ita muka tura shekaranjiya ba? Har yanzu kafaɗata na ciwo."

"Dawakan hutawa suke yi."

"Duka ɗari ukun?"

"Ɗari huɗu. Ɗari ukun da na faɗa ban da na baya."

Kafin ka ce me, ya miƙe ya nufi ƙarshen layi, mu kuma muka bi shi, don irin wannan tafiyar ba a bari ta wuce mutum. Ya tsaya a ƙofar Baba ya riƙe ƙugu, ya ce ran Asabar da hantsi, a tsohuwar hanyar bayan masana'antar bulo, daga turken lantarki zuwa tankin ruwa, motarsa da ta Baba. Wanda aka bari a baya zai sauke allonsa da hannunsa, ya ɗora a ka, ya ratsa layin nan da ƙafa ya kai wa ɗan'uwansa.

Baba ya ɗaga kai ya dubi nasa allon, ya hango na Nasani yana sheƙi daga nesa, ya goge hannu da tsumma.

"To," in ji shi.

Da yamma na bi ta gidansu. Yayata malamar lissafi ce a firamare, shekara ashirin tana fama da 'ya'yan mutane, ga na gida, ga babban. Na tarar tana maki a tsakar gida, shi kuma ya fizgi littafin wani yaro ya juya bayansa yana rubutu.

"Ɗari huɗu sau biyar, dubu biyu. Shi ke nan. Nozul mai lamba dubu biyu, guda huɗu."

Yaya ta leƙo ta saman tabarau. "Baban Tagwaye, dubu biyun nan na injin ne gaba ɗaya, ko na kowane nozul?"

"Malama, wannan ba lissafin 'yan aji uku ba ne."

"Ai 'yan aji uku sun iya rabawa. In abincin gida tukunya ɗaya ne, yara huɗu, kowane yaro tukunya guda nake dire masa?"

"Da haka kike yi da sun fi haka girma."

"Kuma ɗari huɗun nan, a ina ka auna?"

"A rumfar ƙaninki. Ga shi nan, shaida ne."

Ta juyo ta dube ni. Na ce ni sallama kawai na shigo yi.

"Ba ni littafin yaron mutane," in ji ta. "In uwarsa ta ga wannan lissafin, cire shi za ta yi daga makarantar."

Ran Talata muka je wurin mai kayan gyara. Mutumin ya ji lambar, ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Injiniya, jirgi ka saya?"

"Kai dai kawo."

"Mafi girma da nake da shi mai dubu ɗaya ne. Wani mai motar tsere ya sa aka kawo, da ya gani ya ce sun yi masa yawa. Motarka fa wanda ke cikinta bai wuce ɗari da hamsin ba."

"Ka ji ko?" Nasani ya juyo gare ni. "Shekara goma ana ba dawaki ɗari huɗu ruwa a cokali. Kawo masu dubun, ma yi haƙuri da rabi."

Ran Laraba ya ɗaura su. Sai da ya tara mutane tukuna, ya sa sabuwar rigar aiki, ya soke sifana a aljihun ƙirji kamar biro. Ya shiga ya murɗa makulli. Motar ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake. Ta yi tari irin na wanda ya ƙware da ruwa. Warin fetur ya cika layin, har mai aski ya fito da kwastoma rabin kai yana tambayar tankar wa ta faɗi.

"Ba ta saba ba ne," in ji Nasani. "In ka daɗe da yunwa, ba a lokaci ɗaya ciki ke buɗewa ba."

Ya danna totur har ƙasa, ya murɗa makulli ya riƙe. A karo na tara ta tashi. Ban taɓa ganin hayaƙi irin wannan ba. Baƙi ne wuluk, mai kauri, bai ma iya tashi sama ba, tafiya yake yi a ƙasa kamar mai neman gidan wani. Ya bi bangon gareji ya lulluɓe allo, ragowar ya tsallaka hanya ya sauka a kan igiyoyin mai wanki, inda fararen riguna goma sha biyu na ma'aikatan wani asibiti ke shan iska.

Mai wanki ya fito daga cikin hayaƙin yana riƙe da riga ɗaya da yatsa biyu.

"Injiniya, wace kala ce wannan?"

"Toka-toka. Ita ake yayi."

"Mai ita likita ne."

"To ai ya huta, ba za ta riƙa nuna datti ba."

Motar ta mutu da kanta kafin su gama. Da ya kwance fulogai, duka huɗun sun yi baƙi sun jiƙe sharkaf, fetur na ɗiga. Wani direba da ke jiran facinsa ya ce, "Malam, mai ne ya yi mata yawa, shaƙewa take..."

"Na sani. Yunwa ce. Lissafi ya ce dubu biyu, na ba ta dubu ɗaya, dole ta yi fushi."

Saboda haka ran Alhamis ya cire famfon man da ke cikin tanki ya sa wani babba da ya kwanto daga wata mota da ta ninka tasa girma. Ya ce iska ma ta yi kaɗan, ya cire matatar iska ya jefar bayan gareji. Ya ce salansa, wato bututun hayaƙi, na riƙe wa dawakai numfashi, ya sa zarto ya yanke rabinta. Ya wanke fulogai, ya gasa su a kan murhun gawayin mai wanki ba tare da ya tambaya ba, ya mayar.

Wannan karon da ta tashi, ta yi minti ɗaya tana rawa kamar mai zazzaɓi, sannan fetur ɗin da ya taru a ragowar salansar ya kama. Ƙarar da ta yi, kwastoman mai aski ya tsinci kansa a ƙarƙashin benci, tattabarun rufin maƙwabta suka tashi ba su dawo ba sai bayan kwana biyu. Ni kuwa tayar da nake ba iska na saki na kwanta a bayanta, na ɗauka ita ce.

Nasani ya fito daga motar, gira ɗaya ta ƙone, yana murmushi.

"Kun ji haniniya?"

Ran Juma'a ya zo rumfata da sandar awon baƙin mai a hannu, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko jariri.

"Ƙanin mata, duba nan. Ran Litinin baƙin mai yana nan, daidai layi. Yau ga shi har wuya, kuma ban ƙara ko ɗigo ba. Motar nan ta fara haifar mai da kanta."

Na shinshina sandar. Fetur ne zalla, ya gangara ta gefen fistin ya cika ƙasan inji, ya tsinke baƙin man ya zama kamar ruwan wanke kwano. Nan kam na ji wani abu ya taɓa ni, don mijin yayata ne, kuma allon nan shi ne duk abin da yake taƙama da shi a duniya.

"Yaya, tsaya ka ji. Maganar ɗari biyun da na ce ta Baba..."

"Na sani. Ƙarya yake yi, ba ta kai ba."

Allah ya gani, na gwada.

Asabar da hantsi layinmu kaf ya koma bayan masana'antar bulo. Mai aski ya rufe shago. Mai wanki ya zo da ƙullin riguna a ka, ya ce daga nan zai wuce ya kai wa masu su, wanki na uku ke nan. Yaya ta zo da tagwaye, ta tsaya nesa a inuwa da jakarta a hannu. Motar Nasani turo ta muka yi, ya ce ba ya son dawakan su gaji kafin lokaci. Jarka biyu na fetur ya juye mata a wurin, bayan tanki guda da ta shanye cikin kwana uku ba tare da ta taka ko'ina ba.

Baba Shiru ya iso a tasa, ba fiffike ba sitika, injin na kaɗawa a hankali kamar agogo. Ya tsaya daidai turke, ya shaƙi iska sau ɗaya, ya leƙo ta taga.

"Duk mai taba ya kashe."

Nasani ya sa hular kwano ta babur, ya zagaya motarsa sau biyu, ya ce wa jama'a su matsa baya sosai, kada iskar tashinta ta kayar da yara. Ya ce wa Baba, "In ka iso tanki ka tarar na tafi, kada ka damu, ina gida ina jiran allo."

"To," in ji Baba.

Ni aka ba tsumma in ɗaga. Sai da muka jira ya murɗa makulli sau goma sha ɗaya kafin ta kama. Na ɗaga tsumma na sauke.

Baba ya sa giya ɗaya, ya kunna sigina ko da yake ba kwana a hanyar, ya tafi.

Motar Nasani ta yi tsalle ɗaya, tsallen kirki, har mutane suka ja da baya. Ta yi na biyu ƙarami. Sai ta fara tafiya tana shessheƙa, hayaƙi ya rufe ta har ba a ganin komai sai fiffike. Mai wanki ya ga rana na yi, ya gyara ƙullinsa ya kama hanya a gefen titi. Da ya zo daidai tagar ya rage sauri.

"Injiniya, akwai saƙo zuwa tanki? Can na nufa."

"Matsa, za ta buɗe yanzu."

Ta buɗe kuwa. Ta saki ƙara ɗaya, ragowar salansar ta fita ta baya tana gungurawa, ta zo ta kwanta a gaban ƙafata. Na auna daga baya da ƙafa: motar ta yi taku goma sha tara daga turke, salansar ta dawo taku ashirin da biyu. Cikin kayan Nasani ita ce ta fi nisa a ranar.

Baba ya kai tanki, ya zagaya shi, ya dawo, ya tsaya a gaban motar Nasani, ya buɗe but ya fito da igiya. Da ita ya zo tun daga gida.

Haka aka koma layi, ta Baba a gaba, ta Nasani a ɗaure a baya, jama'a na bi. Mai aski ya ce bai taɓa ganin ta yi gudu irin na yau ba. Nasani na riƙe da sitiyari yana gaya wa duk wanda ya matso taga cewa fetur ɗin ne gaurayayye.

A ƙofar gareji aka kawo tsani. Ya tsaya yana kallon allon. Kwana uku bai goge shi ba saboda hidima, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin, ko harafi ɗaya ba a gani. Ya hau ya kwance ƙusoshi, ya sauko da shi.

Yaya ce ta matso. "Riƙe shi daidai, Baban Tagwaye. Allo baƙi ai nawa ne."

Ta sa yatsa a cikin baƙin hayaƙin ta rubuta da manyan lambobi, farin fenti na fitowa a ƙasa: ɗari sau biyar, ɗari biyar. Ta ja layi. A raba huɗu, ɗari da ashirin da biyar. Ta juya ga tagwaye ta ce, "Daidai ne?" Suka haɗa baki suka ce daidai ne. Ta goge yatsa a rigar aikinsa, ta taya shi ɗora allon a ka.

Layin namu ba shi da tsawo, amma ranar ya yi masa nisa. Allon katako ne mai nauyi, ga rana, ga mutane a kowace ƙofa suna karanta lissafin da ƙarfi yayin da yake wucewa. Da ya isa ƙofar Baba gumi ya wanke masa fuska, wuyansa ya shige kafaɗa.

"Baba, ina zan ajiye?"

Baba ya jawo kujera ya zauna. "Ran Litinin ina magana ka fita. Ban son barin magana a rabi."

"Baba, nauyi."

"Na ce ka ninka sau biyar. Sannan ka raba da yawan nozul, ga shi Malama ta yi maka. Sannan ka ƙara ɗan rara, kamar kashi ɗaya cikin biyar, don kada nozul ya yi ta aiki ba hutu. Nawa ya kama?"

Ɗaya daga cikin tagwayen ta ce, "Ɗari da hamsin."

"Su ne waɗanda ka cire. Suna ina?"

"Suna cikin gwangwani."

"Sannan dokin da za ka ninka, na inji ne, ba na baki ba. Sannan ko injin ya ƙaru da gaske, in ka canja nozul sai an gaya wa ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, in ba haka ba za ta ci gaba da buɗe babba kamar yadda take buɗe ƙarami. Sannan ka zubar da baƙin man nan yau, kada ka sake tayar da ita a kansa."

Shekarata talatin a layin nan ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawon wannan ba, kuma ban taɓa ganin Nasani ya ji magana har ƙarshenta ba. Allo na lilo a kansa, amma ba halin tafiya.

"Ka gane?" in ji Baba.

"Na sa..."

Yaya ta yi gyaran murya.

"Na ji," in ji shi.

Baba ya nuna masa bangon da ke kallon titi, ya ce a rataye shi yadda yake, kada wanda ya goge.